Fitilar da Gafaru Ya Haɗa wa Hajiya Amama

Nima, Accra
Watan Satumba, 1998

Zuwa ga yayana Iddrisu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Zenabu da yaran gaba ɗaya. Allah ya ba ka ƙarfin jure sanyin Hamburg da ke ƙaratowa, ya tsare hannunka a wurin aikin lantarkin da kake yi, ya sa albarka a abin da kake samu. Mu nan muna godiya ga Allah a kan kowane hali. Mma tana nan, gwiwoyinta ne dai suka ƙara tsananta, yanzu a zaune take sallah. Maigidana Sulemana yana kan hanya kamar kullum, ya ɗauko albasa daga arewa ya sauke a kasuwar Agbogbloshie ya sake juyawa. 'Yata Fulera ta kusa saukar Alƙur'ani, tana ta murna, ni kuma ina nan ina koyarwa a makarantar Islamiyyar da ka sani. Damina ta yi mana yawa bana, babban kwalbatin Nima ya cika ya shiga gidajen da ke bakinsa, amma namu ya tsira.

Yaya, na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Na san 'yan Nima da ke can sun riga sun kai maka labarin gobarar gidanmu na Maamobi, kuma na san sun ambaci sunan ƙaninmu Gafaru a ciki. Ban so ka tsaya a kan abin da suka faɗa ba, domin su daga nesa suka ji, ni kuwa yawancinsa a gabana aka yi. Shi ya sa zan faro maka daga tushe, har da abubuwan da ka riga ka sani ta wasiƙa amma ba ka gani da idonka ba. Ka yi haƙuri da tsawon maganar.

Kai ne ka fara sa masa ƙarfen dalma na liƙa waya a hannu kafin ka tafi, kuma tun daga lokacin bai ajiye ba. Da rana yana gyaran rediyo da kaset a shagon mastansa mai koya masa aiki a unguwar Circle, amma zuciyarsa ba a can take ba. In ya taso sai ya bi wurin masu sayar da matattun talabijin, ya sayo, ya zo ya baje a tabarma yana ciro ƙananan kaya yana zubawa a gwangwanayen madara. Abin fitila kuwa ya samo asali ne lokacin da aka yi wa marigayi Baba aikin ido. Bayan an sallamo shi, hasken kwan lantarki yana sa masa hawaye da ciwon kai, in an kashe kuma ba ya ganin butarsa. Gafaru ya zauna ya haɗa wani ɗan akwati mai abin murɗawa, in ka juya shi hasken ya ragu har ya koma kamar garwashi, in ka mayar ya ƙaru. Baba ya yi ta murɗawa yana dariya, ya ce a duk tsawon rayuwarsa bai taɓa sanin ana iya roƙon lantarki ya sassauta ba. Da wannan fitila ya yi jinyarsa har Allah ya karɓi abinsa.

Da wani ne da ya tsaya nan, amma ka san halin Gafaru. Ya ce abin murɗawa yana cinyewa, yana yin ƙara, kuma hannu ba ya iya mayar da shi daidai inda yake jiya. Shi so yake ya danna maɓalli, na'ura ta ƙirga, ta kuma riƙe abin da aka gaya mata. Daga nan ne ya fara damunka da roƙon waɗancan ƙananan baƙaƙen abubuwa masu ƙafafu kamar kyankyaso da kake aiko masa a cikin ambulan. Na taɓa tambayarsa yadda abin yake aiki, sai ya ɗauko buta ya nuna mini. Ya ce lantarki ba a miƙe yake zuwa ba, zuwa yake yana komawa da sauri fiye da ƙiftawar ido, kuma akwai wani abu mai ƙafa uku da ake kira tirayak, wanda yake kamar mai gadin ƙofa. In ya buɗe da wuri, wuta mai yawa ta wuce, kwai ya yi haske. In ya jinkirta, kaɗan ta wuce. Su kuma baƙaƙen abubuwan da kake aikowa, aikinsu su ƙirga sau nawa aka danna, su gaya wa mai gadin yaushe zai buɗe. Ban ce na gane duka ba, amma na gane fuskarsa lokacin da yake bayani. Ban taɓa ganinsa da irin wannan fuskar a kan wani abu daban ba.

Ya sha wahala kafin ya samu. Sau da yawa abu ya yi tartsatsi ya mutu, ɗaki ya cika da warin roba, Mma ta fito tana faɗa. Akwai lokacin da fitilun suka riƙa rawa kamar mai zazzaɓi, ya yi makonni yana neman dalili. Akwai kuma lokacin da duk rediyon gidan ya kama ƙugi in ya kunna kayansa, maƙwabta suka kai ƙara wurin mai gida, sai da ya naɗa wata waya a jikin ƙarfe ya saka sannan aka samu lafiya. A ƙarshe ya gama babban allonsa. Katako ne da ya goge ya shafa wa fenti, da jerin maɓallai, da 'yar taga da jar lamba ke fitowa a ciki. Fitila shida yake riƙewa, kowace da nata hasken, kuma in ka danna maɓalli ɗaya duk su tashi a hankali tare, kamar yadda gari yake wayewa.

A Maulidin bara ya kai shi masallacin unguwa. Da farko kwamitin masallaci sun yi ɗari-ɗari, sun ce masallaci ba gidan rawa ba ne. Liman ne ya ce a bar shi ya gwada. Bayan magariba, da masu yabo suka zauna, Gafaru ya rage hasken har mutane suka yi tsit, sannan da aka ɗaga murya da salati ya bar shi ya hau sannu a hankali har farfajiyar ta cika. Ina ɓangaren mata, na ji wata tsohuwa a bayana tana kuka. Washegari duk Maamobi maganarsa ake yi. Wani mutum mai ɗakin taro a Adabraka, inda ake bukukuwan aure, ya aiko a kira shi, ya ce yana so a haɗa masa irinsa babba. A cikin wannan farin jinin ne kuma Alhaji Moro mai goro ya amince da maganar Gafaru da 'yarsa Adiza, aka kai goron tambaya, aka ce sai bayan Babbar Sallah a sa rana. Adiza yarinya ce mai hankali, kuma tana sonsa. In ta kawo wa Mma abinci, sai ta tsaya a bakin ƙofarsa ta ce ya bar ta ta danna sau ɗaya.

Yanzu sai maganar Hajiya Amama. Ka tuna ta, maƙwabciyarmu ta ɗakin kusurwa, wadda take sayar da fura muna yara, mai kiran Gafaru mijinta tun yana rarrafe. Tun da maigidanta ya rasu ta daina iya kwana cikin duhu. In ta bar kwan lantarki a kunne kuma barci ba ya zuwa, don haka sai ta koma kunna fitilar kananzir, hayaƙin yana sa ta tari. Gafaru ya ce mata tsohuwa ita kaɗai da fitilar kananzir kusa da gidan sauro haɗari ne. Ya haɗa mata ƙarami a cikin akwatin katako, ya kafa a bango kusa da gadonta, maɓalli biyu kawai, ɗaya na ƙari ɗaya na ragi, da 'yar tagar lamba. Bai karɓi komai a hannunta ba. Ta riƙa yi wa ƙawayenta alfahari, tana cewa duk cikin mazan da ta aura babu wanda ya kula da ita kamar wannan na ƙarshen. Har ta haddace lambarta, ta ce biyu ce ta barci, bakwai ta tsintar shinkafa.

Sai aka shiga wahalar lantarkin bana, wadda na san kun ji a rediyo. Ruwan madatsar Akosombo da ke ba mu lantarki ya ja baya, aka koma raba wuta unguwa-unguwa. A ɗauke yau a kawo gobe, wani lokaci ta zo da rauni kwai ya yi ja, wani lokaci ta zo da ƙarfi ta ƙona abin da ta samu a jone. Firji da talabijin da yawa sun mutu a Nima. Mai ɗakin taron Adabraka ya ce a dakata sai abubuwa sun daidaita, daga baya ma ya daina amsa sallamar Gafaru. Wannan ya dame shi, amma bai karaya ba. Ya ce ruwa zai dawo, aikin kuma ba zai ruɓe ba.

Ranar da abin ya faru, tsakanin azahar da la'asar ne. Gafaru yana Circle, Mma tana wurina a Nima, yawancin mutanen gidan suna kasuwa. An kwana babu wuta, sai aka kawo ta a lokacin. Matan da ke wanki a tsakar gida suka ga hayaƙi yana fita ta ƙarƙashin kwano a kusurwar gabas, daidai inda ɗakin Hajiya ya haɗu da ɗakin Abdulai tela. Ka san falanki ne kawai ya raba su. Kafin a ankara silin ya kama. Famfo ba ruwa. Motar kashe gobara ta zo ta tsaya a bakin titi, lungunmu bai ɗauke ta ba, tiyonsu kuma bai kai ba. Da bokiti da ruwan wanki da yashi aka yi ta fama. Hajiya tana ciki tana barcin rana, ta sa sakata. Samari suka ɓalle ƙofar suka fito da ita, wutar ba ta taɓa jikinta sosai ba, amma ta shaƙi hayaƙi mai yawa. Aka ɗauke ta a hannu har titi, aka sa ta a tasi zuwa asibiti. Lokacin da na iso da gudu, ɓangaren gabas duka ya zube, har da ɗakin Mma da na Gafaru. Shi kuma ya iso bayana, ya sauko daga motar haya ta trotro da rigar aiki. Bai tambayi kayansa ba. Hajiya ya tambaya.

Ta yi 'yan kwanaki a asibiti ba ta farfaɗo ba, kuma kullum Gafaru yana zaune a barandar ɗakin da aka kwantar da ita. Kafin Juma'a ta zagayo Allah ya yi mata rasuwa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

A wurin zaman makoki ne ɗanta Wasiu, wanda yake aiki a Tema, ya miƙe a gaban jama'a ya nuna Gafaru. Ya ce uwarsa ta yi shekaru a ɗakin nan lafiya, sai da aka kafa mata akwatin wasa a bango sannan ta mutu. Ya ce wanda bai yi makarantar abu ba, ba shi da takardar komai, ya mayar da tsohuwa abin gwaji. Liman ya yi ta ba shi haƙuri, dattawa suka zaunar da shi, amma magana ta riga ta fita. Gafaru ya tashi ya sa takalmansa ya fita, mutane suna matsawa suna ba shi hanya kamar mai cutar da ake ɗauka.

Gaskiyar da na sani ita ce babu wanda ya san daga ina wutar ta tashi. Ma'aikatan kashe gobara sun dawo sun duba, babbansu ya ce abu uku ne, kuma ba zai iya rantsuwa a kan ko ɗaya ba. Ko dai tsofaffin wayoyin cikin silin, waɗanda kowa ya ja nasa ya ɗaura da leda tun zamanin Baba, ko dutsen gugar tela da aka bari a jone lokacin da aka ɗauke wuta, ko kuma akwatin Gafaru. A ranar gobarar na ji matar Abdulai da kunnena tana kuka tana cewa ta gaya masa ya riƙa zare dutsen gugar nan. Bayan rasuwar Hajiya na je na same ta, ta ce ita ba ta tuna ta faɗi haka ba. Abdulai kuwa ya ce a kawo Alƙur'ani ya dafa. Ban ga laifinsu sosai ba, suna da 'ya'ya ƙanana, kuma kekunan ɗinkinsa duka sun ƙone. Amma wayoyin silin ba su da suna, dutsen guga kowa yana da irinsa a ɗaki, akwatin kuwa mutum ɗaya ne ya haɗa shi a duk Maamobi. Don haka a kansa maganar ta zauna.

Wasiu ya kai ƙara, 'yan sanda suka zo suka tafi da Gafaru. Sai da Liman da mai unguwa suka je suka tsaya masa aka sake shi, aka ce babu hujjar da za a kai kotu. Na ɗauka daga nan abin zai fara sauƙi, ashe farawa ya yi. Mai gidan Maamobi ya aiko cewa in an gyara ɗakunan ba da mu ba. Gidan da aka haife mu, Yaya. Yanzu Mma tana ɗakina ni da Fulera, Gafaru yana ɗan ɗakin da Sulemana yake ajiye tayoyi. Kwamitin masallaci suka kwance fitilunsa da babban allon, wanda ya tsira saboda yana ajiye a can, suka zuba a buhu suka aiko. A Circle kuma mutane suka fara zuwa suna karɓe rediyonsu ba a gyara ba, suna cewa ba sa son hannun da ya ƙona gida. Mastansa mutumin kirki ne, ya jure na ɗan lokaci, daga baya ya kira shi ya ce ya je ya huta tukuna. Kowa ya san abin da hutun yake nufi.

Na Alhaji Moro ne ya fi yi wa Mma ciwo. Bai zo da kansa ba, ƙanensa ya turo da kayan da muka kai, a cikin kwanon da muka kai su. Saƙonsa shi ne wai shi bai yanke wa kowa hukunci ba, amma ba zai kai 'yarsa inda za a riƙa nuna ta da baki a kasuwa ba. Adiza ta saci jiki ta zo nan sau ɗaya. Ta tsaya a ƙofar ɗakin tayoyin tana kiran sunansa, ta ce ita ba ta yarda da abin da ake faɗa ba, ya fito ko kallonta ya yi. Ina tsaye ina ji. Bai buɗe ba. Ta cikin ƙofa ya ce mata ta koma gida, mahaifinta ya fi shi gaskiya. Ta daɗe a tsaye, sannan ta ja mayafinta ta tafi. Yanzu an kai ta Kumasi wurin gwaggonta, kuma ana raɗe-raɗin an fara maganarta da wani a can.

Bayan wannan ne ya buɗe buhun masallacin. Na yi murna da na ji motsin kayan aiki a ɗakinsa, na ce wa Mma ga shi nan ya fara dawowa. Da na leƙa sai na ga kwancewa yake yi. Ba fasawa yake yi da fushi ba, a natse yake zare kowace waya, yana cire kowane abu daga mazauninsa, kamar yadda ya saka su. Na roƙe shi ya bari, na tuna masa shekarun da ya ɓata a kai. Ya ce in bai kwance ba wani zai ɗauka ya jona a ɗakin da yara suke kwana. Da ya gama ya ɗaure komai, har ƙarfen dalmar da abin awon wutar da ka bar masa, ya kai wa masu sayen tarkacen ƙarfe a Agbogbloshie. Ya dawo hannu biyu babu komai.

Tun daga ranar zama kawai yake yi. Yana sallah a ɗaki, ba ya zuwa masallaci. Abinci sai Mma ta zauna a gabansa ta ƙi tashi sannan ya ci loma kaɗan. Ya rame har wandonsa sai da igiya. In an kawo wuta unguwa ta ɗauki ihun murna, shi sai ya miƙe ya bi ɗakunanmu yana shafa bango yana shinshina soket, ba ya zama sai ya zagaye gidan. Mun yi rubutu, mun yi sadaka, Liman da kansa ya zo ya yi masa nasiha a kan ƙaddara, ya saurara da ladabi ya yi godiya, bai canza ba. Na kai shi wurin likita, aka ba shi ƙwayar barci, aka ce a riƙa sa masa ido. Sulemana ya ɗauke shi tafiya arewa ko canjin wuri zai taimaka, ya ce har suka je suka dawo bai yi magana ta kirki ba, titi kawai yake kallo. Na yi tunanin in roƙe ka ka nema masa hanyar zuwa wurinka, ko da na san wahalar takardu. Da na taɓa masa maganar ya ce ko an kawo jirgi ƙofar gida ba zai shiga ba. Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, na fara cire rai. Kullum da safe in na je buɗe ƙofarsa ina tsoron abin da zan iske.

Jiya da hantsi ina tsintar wake a tsakar gida, sai ya fito ya zauna kusa da ni, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya tambaye ni ko gaskiya ne zan rubuta maka. Na ce haka ne. Sai ya gaya mini abin da bai gaya wa kowa ba, ko 'yan sanda, ko Liman. Ya ce a cikin akwatin Hajiya ya saka fis, wato 'yar siririyar wayar da take tsinkewa in wuta ta yi yawa don kada sauran kaya su ƙone. Ana saura kamar mako biyu a yi gobarar, wuta ta zo da ƙarfi ta tsinka shi. Hajiya ta aiko a kira shi, ta ce ita ba za ta kwana a duhu ba, in bai gyara ba za ta koma wa kananzirinta. Ya duba gwangwanayensa bai sami daidai irinsa ba, sai wanda ya ɗan fi shi kauri. Ya saka mata shi da niyyar ya sayo na daidai a Circle ya canza. Ya sayo ma, ya ce yana cikin aljihun rigar aikinsa ranar da ya sauko daga trotro.

Ya ce tun daga ranar yake juya abin a kansa. Wani lokaci lissafi ya nuna masa bambancin bai isa ya kunna katako ba, wani lokaci ya nuna masa ya isa. Ya ce ya daina yarda da kansa, kuma a duk duniya mutum ɗaya ne ya san aikin nan ya kuma san shi, wato kai. Ya karɓi birona ya zana yadda ya haɗa akwatin, da lambar tirayak ɗin, da girman fis na farko da na biyu, ga shi nan na naɗe a cikin wannan takarda. Tambayarsa ɗaya ce. In wuta ta dawo da ƙarfi, tirayak ya lalace, shin wannan fis na biyu zai tsinke kafin akwatin ya kama, ko ba zai tsinke ba? Ya ce in gaya maka kada ka lallashe shi, kada ka ce masa ƙaddara ce, wannan ya riga ya sani. Lissafi yake so ka yi masa, ka rubuto yadda ka yi, don ya bi da kansa.

Na kwana ina tunanin in roƙe ka ka ce masa a'a ko mene ne gaskiyar. Amma ya san aikin, in ka karkata lamba ɗaya zai gani, kuma daga nan ba shi da sauran wanda zai yarda da shi. In kuma ka ce masa e, ban san abin da zai biyo baya ba, kuma ina tsoron in sani. Ko ka ce a'a da gaskiyarka ma, Hajiya ba za ta dawo ba, Adiza ba za ta dawo ba, mutanen Maamobi kuma ba za su karanta lissafinka ba. Ni dai na isar da saƙo kamar yadda aka ba ni. Kai ne babba, kai ka san abin da ke cikin zanen nan, Allah ya nuna maka abin da ya fi. Abin da nake roƙo kawai, ka aiko amsar da sunana ta adireshin makaranta, don in kasance a kusa da shi lokacin da zai buɗe.

Mma tana gaishe ka ƙwarai, ta ce ka sa ƙaninka a addu'a, ba ta san maganar fis ɗin ba kuma ba na so ta sani. Sulemana yana gaisuwa, haka Fulera. Kawu Mumuni ya ce in gaya maka ya ga hoton yaran, ya sa musu albarka. Ka gaishe mini da Zenabu da kyau, ka shafa mini kan Jalilu da Zelia, ka gaida duk 'yan gida da ke tare da ku a can. Na tambayi Gafaru ko in sa gaisuwarsa, ya ce in bari sai amsa ta zo, lokacin zai san ko yana da fuskar da zai gaishe ka.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Awabu